Kuɗin Raya Haƙƙin Ƙirƙira da Kwangilar Masu Kula da Shi

Takardar haƙƙin ƙirƙira shaida ce da hukuma ke ba wanda ya ƙago sabuwar na'ura ko sabuwar hanyar sarrafa wani abu, domin kada wani ya ƙera ta ko ya sayar da ita ba da izininsa ba. Dokar da ta tanadi haka a Nijeriya ta 1970 ce, kuma ta ba takardar wa'adin shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, bisa sharaɗin biyan kuɗin sabuntawa kowace shekara. Wanda ya makara yana da rangwamen wata 6 tare da tara, bayan haka kuma haƙƙin ya faɗi, ta yadda, alal misali, injin casar shinkafar da wani malamin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ya ɓata shekaru a kansa zai halatta ga kowane mai walda a unguwar Sauka Kahuta ya kwaikwaya, ba tare da ya biya ko sisi ba.

Lamarin ya fi tsauri idan aka ƙetare iyaka, saboda takardar Abuja ba ta da ƙarfi a Maraɗi. Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista guda ke aiki a ƙasashe 17, alhali Nijeriya ba ta ciki. Yarjejeniyar PCT, wadda Nijeriya ta shiga a 2005, tana ba mai ƙirƙira jinkirin kimanin wata 30 kafin ya zaɓi ƙasashen da zai nemi kariya, amma daga nan kowace ƙasa da kuɗinta da lokacinta. Amurka, alal misali, sau uku take karɓa: bayan shekara uku da rabi, bakwai da rabi, da sha ɗaya da rabi.

Wannan ne ya sa jami'o'i da hukumomin manyan ƙasashe kan ba lauyoyi ko kamfanoni irin su Dennemeyer kwangilar riƙe jadawalin ranaku da biyan kuɗin a madadinsu. A Nijeriya kuwa, cibiyar gwamnatin tarayya, kamar ta binciken hatsi da ke Badeggi, idan za ta yi haka sai ta bi dokar sayayyar gwamnati ta 2007, wadda ta ɗora bayar da kwangila kan gasa a fili. A nan ne gizo ke saƙa, domin sakin kuɗin kasafi yakan yi jinkiri, ofishin rajista na waje kuwa ba ya jiran kowa, ga shi kuma da dala ko yuro ake biya, waɗanda suka yi tsada ƙwarai tun da aka saki naira a 2023. Saboda haka wajibi ne kwangilar ta fayyace wanda zai ɗauki hasara idan rana ta wuce, ta kuma raba ladan wakili da kuɗin hukuma, don kada a ɓoye riba cikin canjin kuɗi.

Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike wajen rajista, kuma tun 2006 take buɗe ofisoshi a manyan makarantu. Sai dai tara takardu ba shi ne ci gaba ba, musamman da yake ofishin rajistar Nijeriya ba ya tantance ko ƙirƙira sabuwa ce kafin ya ba da shaida. Ya kamata kowace cibiya ta zauna duk shekara ta ware ƙirƙirar da masana'antu ke nema ta tanadar mata kuɗi tun kafin lokaci, wadda ba ta da kasuwa kuwa a daina kashe mata dukiyar jama'a.