Jan Ƙarfe da Ƙwaƙwalwa: Gaskiya da Ƙarya a Saƙon da ke Yawo a Poli

Jan ƙarfe yana cikin ma'adinan da jikin ɗan Adam ba ya rayuwa sai da su. Duk abin da babban mutum yake ɗauke da shi kimanin miligiram 100 ne, hanta da ƙwaƙwalwa kuma suna cikin gaɓoɓin da suka fi tara shi. Da taimakonsa jijiyoyi suke samun kuzari daga abinci, da shi jiki yake haɗa ɗaya daga cikin sinadaran da jijiyoyi ke aika saƙo da su, yana kuma kiyaye rigar kitsen da ta lulluɓe jijiya kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Buƙatar babba a rana miligiram 0.9 ce kacal.

A jikin wannan gaskiyar aka jingina saƙon muryar da ke yawo a WhatsApp tsakanin garuruwan Poli da Garwa a arewacin Kamaru. Mai saƙon ya ce munduwar jan ƙarfe tana kaifafa basira tana zuƙe ciwon gaɓoɓi. Babu hujja: an gwada ta a Jami'ar York ta Ingila, sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna ba ta rage ciwo ba. Ya ce tulun jan ƙarfe yana tsabtace ruwa. Nan da ƙamshin gaskiya, domin wasu ƙwayoyin cuta suna mutuwa idan ruwa ya kwana a ciki, sai dai wannan bai mai da ruwan maganin ƙwaƙwalwa ba.

Magana ta uku ita ce mai kisa. Wai farfaɗiya rashin jan ƙarfe ce, don haka a jiƙa wayar lantarki a ruwan tsamiya ta kwana, a shayar da yaro, a jefar da ƙwayoyin asibiti. Wanda ya naɗi wannan murya bai faɗi sunansa ba, ba kuma shi zai kwana a kan yaron ba idan ciwo ya tashi.

Cutar da rashin jan ƙarfe ke haɗuwa da farfaɗiya a cikinta ita ce ta Menkes, wadda aka bayyana a 1962. Ta gado ce, kusan jarirai maza kaɗai take kamawa, ba kasafai ake ganinta ba, kuma matsalarta hanji ne ba ya iya shigar da ma'adinin cikin jini. Shi ya sa da allura ake ba da shi, abin sha ba ya amfana komai. Sanannun dalilan farfaɗiya a arewacin Kamaru daban ne: zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, wahalar haihuwa, buguwar kai a hatsarin babur, da tsutsar naman alade. Babu ɗaya a cikinsu da ruwan waya zai gyara. Ƙarancin jan ƙarfe ma bai cika samun mai cin gyaɗa da wake da riɗi da dawa da hanta. An fi ganinsa ga wanda aka yi wa tiyatar ciki, ko jariri mai tamowa.

Yawan jan ƙarfe kuwa guba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 2 a kowace litar ruwan sha, tsami kuma narkar da ƙarfen yake yi ba tare da awo ba. Farkon abin amai da ciwon ciki da gudawa, idan aka daɗe ana sha hanta ta lalace. An ga haka a Indiya, inda ƙananan yara suka riƙa mutuwa da ciwon hanta saboda madarar da ake dafawa a tukwanen tagulla, cutar ta ja baya da aka sauya tukwane. Akwai kuma cutar Wilson, da aka bayyana a 1912, wadda ke samun kimanin mutum ɗaya cikin 30,000. Jikin mai ita ba ya iya fitar da jan ƙarfe, sai ya taru a hanta da ƙwaƙwalwa ya kawo karkarwa da sarƙewar harshe. Tsohuwar waya ma tana iya zuwa da dalma a mahaɗarta.

Uwar da ta gaji da kuɗin mota zuwa Garwa da sayen magani wata bayan wata ba abar zargi ba ce idan ta saurari mai cewa waraka tana cikin tsohuwar waya. Amma yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya tayar da ciwon da ba ya tsayawa, kuma irinsa yana kashewa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace.

Yaron da aka riga aka shayar da ruwan, ko aka yanke masa ƙwayoyi, a kai shi asibitin Poli ba tare da jiran ciwo ya tashi ba, a kuma gaya wa likita kwana nawa aka yi ana ba shi.