Zanen Giraf a Tafin Hannu: Yadda Manhajojin Lissafi Ke Sauya Karatun Aljabara

Ɗalibin da aka ba shi y = x² − 4x + 3 aka ce ya zana siffarta, a da sai ya tanadi takardar giraf da fensir mai tsini da rula, ya lissafa darajar y ga kowace x, ya ɗiga ɗigo bakwai ko tara, sannan ya haɗa su da hannu. Aikin kan cinye rabin darasi. Yau kuwa kafin ya gama rubuta lambar ƙarshe a wayarsa, zanen ya riga ya bayyana. Wannan sauyi ya shiga makarantu ba tare da wata hukuma ta ba shi izini ba, kuma ya kamata a dube shi da idon basira.

Abin ya faro ne daga manyan jami'o'i. A 1968 aka fara gina Macsyma a MIT ta Amurka, manhajar da ke warware aljabara da haruffanta, har ta fitar da amsa da x da y a ciki. Daga baya Maple ta fito daga Jami'ar Waterloo ta Kanada, sannan Stephen Wolfram ya fitar da Mathematica a 1988. A lokacin duk waɗannan kayan masana ne, masu tsada, sai a ɗakin bincike ake ganin su. Wanda ya kai zanen giraf aljihun ɗalibi shi ne kamfanin Casio na Japan, da kalkuletarsa fx-7000G a 1985. Texas Instruments ya biyo baya da TI-81 a 1990, har TI-84 Plus ta 2004 ta zama kamar wajibi a makarantun sakandaren Amurka, ana sayen ta a kan dala ɗari ko fiye.

Abu biyu ne suka karya wannan katanga ta tsada. Na farko, wasu malamai sun ƙudura cewa kayan koyon lissafi bai kamata ya zama na masu kuɗi kaɗai ba. Markus Hohenwarter ya fara GeoGebra a 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya, ya bar ta kyauta ga malamai da ɗalibai. Eli Luberoff ya kafa Desmos a 2011, wadda ke aiki kai tsaye a shafin intanet. Na biyu, wayar hannu ta yi araha, ta kuma fi waccan kalkuleta ta dala ɗari ƙarfi nesa ba kusa ba. Hukumar College Board da ke shirya jarrabawar SAT ta amince da sauyin har ta saka Desmos a cikin jarrabawar kanta lokacin da ta koma kan kwamfuta.

Amfanin da ya fi burge ni shi ne abin da ido ke gani. A koma kan waccan jimla ta farko. Zanenta lanƙwasa ce mai siffar ƙwarya, ta ratsa layin kwance a 1 da 3, gindinta yana kan (2, −1). Malami ya mayar da 3 ɗin ƙarshe ta zama 4, sai lanƙwasar ta ɗaga, ta taɓa layin a wuri ɗaya tak, wato a 2. Ya mayar da ita 5, sai ta tashi sama gaba ɗaya, ba ta ƙara taɓa layin ba. Cikin minti ɗaya yaro ya ga dalilin da ya sa wata jimla ke da amsa biyu, wata ɗaya, wata kuma babu. Wannan ita ce ƙa'idar b² − 4ac da ɗalibai da yawa ke haddacewa har su gama sakandare ba su san me take nufi ba. Da takarda, zane uku irin waɗannan sai su cinye kusan darasi biyu, shi ya sa malamai kan tsallake su.

Sai dai manhajojin ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne ake yawan yin kuɗin goro. Wolfram Alpha, wadda ta fito a 2009, tana karɓar tambaya ta ba da amsa. Photomath, da aka ƙirƙira a Zagreb ta Kuroshiya a 2014, kamfanin Google kuma ya saye ta daga baya, ta wuce nan: ka haska kyamara kan tambayar, ta karanta, ta warware, ta jero matakan ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibi mai himma zai iya duba inda ya kauce a aikinsa, kuma wannan alheri ne babba ga yaron da babu mai koya masa a gida. Amma wanda ke son ya huta kwafewa zai yi, har da matakan. Sakamakon shi ne aikin gida ya daina gaya wa malami gaskiya. Littafi cike da amsoshi daidai ba ya nuna cewa an fahimta.

Akwai kuma haɗarin yarda da allo ido rufe. Ɗalibi ya rubuta sin 30 yana jiran 0.5, sai manhaja ta ba shi −0.988, domin an saita ta kan radiyan shi kuma yana nufin digiri. Manhajar ba ta yi kuskure ba. Wanda ya taɓa zana lanƙwasar sin da hannunsa zai tsaya nan take ya ce akwai matsala. Wanda bai taɓa ba zai rubuta amsar ya wuce. Na'ura ba ta amfanar mutum sai yana da ƙiyasin abin da ya kamata ya fito.

A Najeriya lamarin yana da wata fuska ta daban. Takardar lissafi ta WAEC da NECO har yanzu tana tambayar zanen giraf da hannu, kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Yaron da ya shafe shekara uku yana haska kyamara zai zauna gaban takardar giraf bai san yadda ake zaɓar ma'auni ba. Ga kuma bambanci tsakanin gidaje: wani yaro na da waya da data, wani ko fitilar karatu babu. Abin farin ciki shi ne GeoGebra na aiki ba tare da intanet ba da zarar an sauke ta, don haka wayar malami guda ɗaya, ana zagayawa da ita daga benci zuwa benci, ta isa ta nuna wa aji yadda lanƙwasa ke motsi.

A ganina hana waɗannan manhajoji ɓata lokaci ne, domin suna aljihun yara tuni. Abin da zai canza shi ne irin tambayar da ake yi. Maimakon "warware wannan", malami ya ce: kafin ka zana, faɗi inda lanƙwasar za ta ratsa layin kwance da dalilinka, ko kuwa ga zane, nemo jimlar da ta haife shi. Irin wannan tambaya kyamara ba ta ɗauke wa yaro nauyinta. Kwalejojin ilimi da ke horar da malaman lissafi su saka koyon GeoGebra da Desmos a cikin horon, malamai kuma su fara da takarda da fensir, su kawo allo bayan yaro ya zana aƙalla giraf ɗaya da hannunsa.