Hatimi Kan Hatimi: Matsayin Harshe a Takardun Kamfani Masu Fita Waje

1.0 Gabatarwa

Kudancin ƙasar Kano ba baƙo ba ne ga fatauci. A Bebeji aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877, kuma da safarar goro daga Gwanja ya fara kafa dukiyarsa kafin rasuwarsa a 1955. Falke na wancan zamani ba ya bukatar tarin takardu. Madugu ya san shi, fatoma kuma yana tsaya masa a garin da ya sauka. Yau kuwa, mai shinkafa a Tudun Wada, ko mai hatsi a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, ko mai haƙar kuza a Riruwai ta ƙasar Doguwa, idan ya so ya buɗe reshe ko ya ƙulla ciniki a wata ƙasa, takarda ce fatomarsa. Wannan maƙala za ta bayyana matakan da takardar ke bi, sannan ta nuna cewa aikin harshe shi ne ya kamata ya riga kowane hatimi.

2.0 Matakan Tabbatarwa

Takardun da aka fi nema su ne shaidar rajistar kamfani, da kundin manufofi da ƙa'idojinsa, da jerin daraktoci da masu hannun jari, da takardar wakilci idan wani ne zai sa hannu a madadin kamfanin. Galibi matakai huɗu suke bi.

Na farko, a karɓo kwafin da aka tabbatar daga Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, wadda aka kafa a 1990, take kuma aiki da dokar kamfanoni ta 2020. Na biyu, a kai wa notari, watau lauyan da Babban Jojin Nijeriya ya ba ikon shaida takardu da hatiminsa. Na uku, Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tabbatar da sa hannun da ke kan takardar. Na huɗu, ofishin jakadancin ƙasar da za a kai takardar ya tabbatar da hatimin Ma'aikatar.

Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar birnin Heg ta 1961 sun taƙaita wannan hanya a tsakaninsu zuwa shaida guda. Saudiyya ta fara aiki da ita a 2022, Sin kuma a 2023. Amma har zuwa 2024 Nijeriya ba ta shiga ba, don haka takardarta ba ta samu wannan rangwame ba.

3.0 Abin da Hatimi Yake Shaida

A nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Kowane hatimi yana shaida cewa sa hannun da ya gabace shi na gaskiya ne, ba ya shaida cewa abin da ke cikin takardar daidai ne. Ke nan, idan an kuskure harafi guda tun a matakin farko, kuskuren zai ratsa hatimi huɗu lafiya lau. Sai takardar ta isa banki a Jidda ko kotun kasuwanci a Yamai za a gane, alhali an riga an kashe kuɗin mota da na ofis, wataƙila ma wa'adin cinikin ya wuce. Tun ran gini, ran zane.

4.0 Wuraren Tuntuɓe

4.1 Sunayen mutane. Suna guda yakan fito da kamanni da yawa: Usman, Usuman, Uthman, Othman. A Nijar, inda ake rubuta sunaye bisa ƙa'idar Faransanci, sai ya koma Ousmane, kamar yadda Abubakar yake komawa Aboubacar. Mu a wurinmu mutum ɗaya ne, amma a wurin ma'aikacin da ke gwama fasfo da jerin daraktoci, mutane biyar ne. Ƙa'ida ita ce a bi yadda sunan yake a fasfo, harafi da harafi, tare da jerin sunayen yadda suka zo.

4.2 Haruffa masu lanƙwasa. Tun cikin shekarun 1930 rubutun boko ya karɓi ɓ da ɗ da ƙ, amma takardun hukuma na Turanci ba sa amfani da su. Ɗangora zai fito Dangora. Bai kamata mai fassara ya gyara wannan don kishin harshe ba, domin gyaran zai raba takarda da 'yar'uwarta.

4.3 Sunayen wurare. Akwai Tudun Wada a Zariya da Kaduna da Jos, ban da Tudun Wadar Ɗankadai ta Kano. Wanda ya rubuta T/Wada kurum ya bar baƙo cikin duhu. A rubuta sunan cikakke, da ƙaramar hukuma da jiha.

4.4 Sunan kamfani. Ana fassara abin da takarda ta ce, amma ba a fassara suna. Alal misali, kalmar alheri daga Larabci aka aro ta, asalinta al-khair. Idan tana cikin sunan kamfani, mai fassara kuma ya mai da ita asalinta, to ya haifar da wani kamfani da ba shi da rajista ko'ina. Abin yi shi ne a kwaikwayi furucin sunan da haruffan Larabci, a kuma ajiye rubutun asali a gefensa.

5.0 Kammalawa

Kafin a doshi Abuja, ya kamata mai kamfani ya shimfiɗa takardunsa duka tare da fasfo ɗin daraktoci, ya gwama sunaye da adireshi da kwanan wata. Ya kuma tambayi ofishin jakadancin harshen da yake karɓa, da matakin da za a yi fassara, domin ƙa'idar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Haka nan akwai aiki a kan sassan koyar da Hausa da Larabci da Faransanci na jami'o'inmu: su horar da masu fassarar takardun shari'a da ciniki, waɗanda suka san inda ake fassarawa da inda ake barin kalma yadda aka same ta.