Fura da Nono a Ƙasar Boɗinga da Shagari: Matakan Haɗawa da Dalilansu, Tare da Kwatanci da Kiranakan na Sikotilan

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake haɗa fura da nono a ƙasar Boɗinga da Shagari ta Jihar Sakkwato, tun daga surfen gero da tatsar saniya har zuwa damu. Manufarta ita ce fito da dalilin da ke bayan kowane mataki, domin a bambance matakan da inji da firiji za su iya ɗauke wa mutane, da waɗanda idan aka tsallake su fura ta lalace ko ta zama sanadin cuta. An kwatanta ta da kiranakan, wani abin marmari na mutanen Sikotilan da ake yi da hatsi da man madara da 'ya'yan itace, domin ganin yadda yanayin ƙasa ke tsara dabarun girki.

1.0 Gabatarwa

Haɗa dakakken hatsi da nono tsohuwar al'ada ce a ƙasashen Sahel. Masana tarihin noma sun gano burbushin gero na gida a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali ta yau, wanda ya kai kimanin shekara 4,500. Haka kuma matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ziyarci daular Mali a tsakanin 1352 da 1353, ya ambaci wani abin sha na dakakken gero da ake zuba wa zuma ko nono. A ƙasar Hausa fura ce ta gaji wannan tsari, har ta shiga maganganun yau da kullum. Idan aka ce “yadda ya dama haka za a sha”, ana nufin wane ne ke da wuƙa da nama a cikin al'amari.

Duk da wannan sabo, ba kowa ne ya san dalilin da ya sa ake jefa curin gari cikin tafasasshen ruwa ba, ko abin da ya sa nonon wata ƙwarya ke yin daɗi na wata kuma ya yi ɗaci. Sanin waɗannan dalilai ya zama wajibi a yanzu da kayan aiki suke sauyawa.

2.0 Ƙasar Boɗinga da Shagari

Boɗinga da Shagari ƙananan hukumomi ne biyu daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, suna kan hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. A ƙasar Boɗinga ne garin Sifawa yake, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a garin Boɗinga. Shagari kuwa ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

Ƙasa ce ta jigawa da gajeriyar damina, wadda galibi ke kamawa daga Yuni zuwa Satumba. Gero ya dace da ita domin yana nuna cikin kimanin wata uku, yana kuma jure ƙarancin ruwa. A karin harshen Sakkwatanci, idan aka ce “hatsi” gero ake nufi, fura kuma “hura” ake ce mata, curin da ba a dama ba a kira shi “dawo”. Ta fuskar kiwo, yankin gida ne ga shanun Bokolo, waɗanda aka sani da yawan nono idan aka gwada su da sauran shanun gida.

Fura da nono, ke nan, haɗuwar sana'o'i biyu ce. Manomi ke samar da gero, makiyayi ke samar da nono. Bayan girbi shanu kan shiga gonaki su ci kara su bar taki, matan Fulani kuma, waɗanda a al'ada su ke da iko da nonon garke, su kai shi gari su sayar ko su yi musayarsa da hatsi.

3.0 Aikin Gero

3.1 Surfe da wanki

Ana yayyafa wa gero ruwa kaɗan a zuba a turmi a surfa. Laimar ce ke sa dusa ta saki ƙwayar ba tare da ƙwayar ta farfashe ba. Daga nan sai a sheƙe, a wanke, a rege domin fitar da tsakuwa da yashi. Ruwan wankin, wato ƙasari, dabbobi ake ba wa. Sai a baza geron ya tsane.

3.2 Daka da kayan yaji

Ana daka geron ko a kai shi inji, tare da citta da kanumfari da masoro, wasu kuma su ƙara barkono kaɗan. Ana tankaɗewa da rariya, a mayar da tsakin turmi har ya zama gari. Ya kamata a yi amfani da garin a ranar da aka daka shi. Gero yana da mai kimanin kashi 5 cikin 100, kuma da zarar an fasa ƙwayar sai man ya fara lalacewa, garin ya yi wari da ɗaci cikin 'yan kwanaki. Wannan ne ya sa matan karkara suke ajiye geronsu a dame cikin rumbu, su riƙa sussuka daidai bukata.

3.3 Dafawa

Ana ware gari kaɗan a ajiye gefe, sauran a kwaɓa shi da ruwa ya yi tauri, a dunƙula manyan curi. Ba a sa curin a tukunya sai ruwa ya tafasa sosai. Dalili shi ne zafin yakan dafa sitacin da ke bayan curin nan take, ya zame masa kamar ɓawo. Idan ruwan bai tafasa ba, curin zai narke ya koma kunu. Ana barin sa kimanin rabin sa'a, gwargwadon girmansa. Alamar nuna ita ce a fasa ɗaya a ga babu farin ɗanyen gari a tsakiyarsa.

3.4 Kirɓi da curi

Ana tsame curin a zuba a turmi a kirɓa tun da zafinsa, ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har ya yi laushi da danƙo. Sitaci yakan sake ƙanƙamewa idan ya huce, saboda haka furar da aka bari ta yi sanyi kafin kirɓi takan yi gudaji wajen damu. Daga ƙarshe sai a cura ƙanana a mirgina su cikin garin da aka ware, domin kada su manne wa juna.

4.0 Aikin Nono

Bayan tatsa ana tace madara a zuba a ƙwarya, a rufe da faifai, a ajiye ta kwana. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, haka ma ba a samun nono ranar tatsa. Abin da ke faruwa cikin daren shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suna cinye sukarin madara su mayar da shi tsami. Sabuwar madara tana kusa da 6.7 a ma'aunin tsami na pH. Idan ta sauko zuwa 4.6 sai furotin ɗinta ya daskare, ta yi kauri. Waɗannan ƙwayoyi suna zuwa ne daga ɗan ragowar nonon jiya da ake zubawa, ko daga jikin ƙwaryar da aka saba amfani da ita. Shi ya sa ɗanɗanon nonon wani gida yakan bambanta da na maƙwabtansa.

Nonon da aka bari da mansa shi ne kindirmo. Idan kuwa aka zuba shi a gora aka kaɗa har man shanu ya taru aka kwashe, abin da ya rage shi ake kira tsala. Kindirmo ya fi kauri da tsada, tsala ta fi tsami da araha.

Ta fuskar gina jiki, haɗa gero da nono yana da fa'ida babba. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wanda madara ke da shi a wadace, don haka kowannensu yana cike giɓin ɗan'uwansa.

5.0 Damu

Ana sa curin fura a ƙwarya, a zuba nono kaɗan, a murje da bayan ludayi har ya narke, sa'an nan a ƙara nono da ruwa gwargwadon kaurin da ake so. Wanda ya zuba nono da yawa tun farko zai yi ta bin gudaji a cikin ƙwarya. Zaƙi kuwa zaɓi ne: wasu zuma, wasu sukari, dattawa da yawa kuma sun fi son ta haka nan. Mai sayarwa takan riƙe fura daban da nono daban sai mai saye ya zo, domin da zarar an haɗa su tsamin yakan ci gaba da ƙaruwa, furar kuma ta tsinke.

6.0 Kwatanci da Kiranakan

Wannan tsari na haɗa hatsi da abin da aka samu daga saniya yana da takwara a wata ƙasa mai nisa. Sikotilan ita ce yankin arewacin Birtaniya, ƙasar Hugh Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sanyinta da yawan ruwanta ba su dace da alkama a wurare da dama ba, don haka mutanenta suka dogara da wani hatsi da ake kira ots, kamar yadda Basakkwace ya dogara da gero. Daga cikin abincinsu na gargajiya akwai kiranakan, sunan da ya samo asali daga kalmar harshen Gelik mai alaƙa da abin kaɗa nono.

Kayan haɗinsa su ne ɓarzajjen ots, da afarari, wato man da ke tasowa saman madara idan ta kwanta, da zuma, da rasberi, wasu jajayen 'ya'yan itace ƙanana masu zaƙi da tsami da ake nomawa sosai a yankin Balairgori. Ana soya ots ba mai a busasshen kasko har ya yi ja ya fara ƙamshi, a bar shi ya huce. Ana buga afarari mai sanyi har ya kumbura ya yi kauri, a zuba zuma. Ana murje rabin rasberin a bar rabi yadda yake, sa'an nan a jera su hawa-hawa a cikin kofi. Akan ƙara giyar wiski kaɗan, waɗanda ba sa shan giya kuma sukan bar ta. Ana yawan cin sa a lokacin nunar rasberi, da kuma daren 25 ga Janairu da ake tunawa da mawaƙinsu Robert Burns.

Kamannin abincin biyu a fili suke: hatsin da ƙasa ta yarda da shi, da albarkar saniya, da zuma, da kuma jinkirta haɗawa sai lokacin ci. A wata al'adar ta Sikotilan ma, kayan daban-daban ake kawowa kan teburi kowa ya haɗa nasa. Bambancin kuwa yanayi ne ya haifar da shi. Afarari ba ya buguwa sai yana da sanyi kuma mansa ya kai kimanin kashi 30 cikin 100, abin da ke da sauƙi a ƙasar sanyi. A Boɗinga da Shagari, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ɗanyar madara ba ta wuce 'yan sa'o'i, saboda haka tsami ne hanyar adana ta. Haka nan ana soya ots ne domin ya yi ƙaras-ƙaras a baki, gero kuma ana dafa shi a kirɓa domin ya yi sulɓi, tun da fura abin sha ce da ake so ta riƙe ciki ta kashe ƙishirwa.

7.0 Abin da Ke Iya Sauyawa da Wanda Ba Ya Sauyawa

Injin niƙa ya rage wa mata wahalar daka, injin markaɗe na lantarki ya sauƙaƙa damu, firiji kuma ya tsawaita kwanan fura da nono. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ginshiƙin aikin. Akwai matakai uku da ba su karɓar sassauci.

Na farko, tsabtar madara. Ɗanyar madara tana iya ɗaukar ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na cutar bakkale, kuma tsami kaɗai ba ya tabbatar da mutuwarsu. Dumama madara zuwa digiri 63 na tsawon minti 30, ko tafasa ta inda babu ma'aunin zafi, yana kawar da wannan haɗari. Sai dai a bar ta ta huce ta zama ɗumi-ɗumi kafin a zuba ragowar nonon jiya, in ba haka ba zafin zai kashe ƙwayoyin da ake bukata.

Na biyu, ruwan damu. Da rani nono yakan yi ƙaranci saboda ciyawa ta bushe kuma garkuna sun yi nisa, sai wasu su tsinka shi da ruwa, su ƙara garin 'ya'yan kuka ko madarar gari domin ya yi kauri. Kuka ba ta da illa, amma ruwan da ba shi da tsabta, ko ƙanƙarar da aka yi da shi, yana iya kawo gudawa da taifot, musamman ga yara. Haƙƙin mai saye ne kuma ya san abin da aka haɗa masa.

Na uku, hannu da mazubi. Bayan fura ta bar wuta tana bi ta turmi da tafin hannu da ɗanyen gari, ba ta kuma komawa wuta. Wanke turmi da hannu, da rufe fura daga ƙuda da ƙura, su ne kariyarta.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa matakan haɗa fura da nono suna da dalilai da za a iya bayyanawa: laima wajen surfe, tafasar ruwa wajen dafawa, zafi wajen kirɓi, lokaci da ƙwayoyin tsami wajen nono. Kwatanci da kiranakan ya nuna cewa yanayin ƙasa ne ya kai wasu ga afarari mai sanyi, wasu ga nono mai tsami. Akwai bukatar manazarta harshe da al'ada su tattara kalmomin wannan sana'a daga bakin matan da ke yin ta a garuruwa irin su Sifawa da Danchaɗi da Kajiji, tun kafin turmi da ƙwarya su ƙaranta a gidaje. Jami'an lafiya da na kiwon dabbobi kuma su isar da batun tafasa madara da tsabtar ruwa ga masu tatsa da masu sayarwa, cikin Hausa da Fulatanci.