'Yan Adabi a Ajin Bayoloji

Ƙofar Kaura ta ci sunanta daga sarautar Kauran Katsina, jagoran mayaƙan birni a zamanin da ganuwa ke da aiki. Yau unguwannin da suka bazu a bayanta cike suke da ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai masu haya. Tun da aka buɗe gadar ƙasa ta wurin a farkon 2023 cunkoso ya ragu, amma duk da haka wanda ke da lakcar ƙarfe takwas sai ya fito bakin titi kafin bakwai, ya yi ciniki da mai Keke Napep ko ɗan acaɓa, a nufi hanyar Dutsin-ma inda manyan makarantun garin suka jeru. A ɗaya daga cikinsu akwai wani darasi da ake yi sau ɗaya a mako, awa biyu, wanda babu ko ɗalibi ɗaya a ajin da ya zaɓe shi da kansa.

Darasin kimiyyar rayuwa ne, Bayoloji, amma ba na masu shirin zama likitoci ba. An tsara shi ne don 'yan sashen Hausa da Larabci da Tarihi da Nazarin Addinin Musulunci da makamantansu, cikin darussan bai-ɗaya da hukumomin kula da jami'o'i da kwalejoji na Nijeriya suka wajabta wa kowa. Ɗan kimiyya a tilasta masa Turanci da sanin al'adun ƙasa, ɗan adabi kuma a tilasta masa ya ɗanɗani kimiyya. Wasu daga cikin 'yan ajin sun taɓa Bayoloji a sakandare, sun yi masa sallama ranar da suka fito daga jarrabawar WAEC ko NECO. Wasu daga makarantun Arabiyya suka zo. Da yawansu suna shiga zauren da fuskar wanda aka ɗora wa kayan wani, kuma kalmar da ake yawan ji a bakin ƙofa ita ce, "Mu dai a ba mu makin tsira mu wuce."

Ranar farko ba a karatu. Malamar da ke ɗaukar kwas ɗin, daga sashen kimiyya aka aro ta, takan tsaya da lasifika ta karanta sharuɗɗa. Wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Maki kashi biyu ne: na ayyukan cikin zango, wato gwaji da aikin gida, da na babbar jarrabawa wadda ita ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Wanda ya kasa kai maki 40 ya faɗi, sai ya sake ɗauko kwas ɗin baɗi, abin da kowa ke kira kariyoba. Gwajin da ya wuce mutum ba a maimaita masa sai da takardar asibiti. Aikin gida ana miƙa shi ta hannun wakilin aji a ranar da aka sa. Waya a kashe. Satar amsa kuwa ba ta tsaya ga malama ba, kwamiti ake kai mutum, kuma tana iya kai shi ga kora. A dokar ƙasa ma laifi ce.

Ina goyon bayan waɗannan sharuɗɗa, har da na halarta wanda shi ne aka fi ƙorafi a kansa. Darasin da ake yi sau ɗaya a mako, idan mutum ya rasa huɗu ya rasa wata guda cur. Matsalar tana wajen zartarwa. Zaure ɗaya ne, ɗalibai ɗaruruwa, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baya inda murya ba ta kaiwa idan wuta ta ɗauke. Takardar sa hannu tana zagayawa daga benci zuwa benci, kuma kowa ya san aboki na sa wa aboki. Sai ya zama mai gaskiyar da ya makara shi ke rasa suna, mai wayon da ke kwance a ɗaki sunansa ya fito. Akwai kuma waɗanda dokar ba ta hango ba: matar auren da ta bar jariri a hannun 'yar raino a gindin bishiyar dalbejiya da ke gefen zauren, take fita rabin lokaci ta shayar, malamin firamaren da ya dawo ƙaro karatu, wanda sai ya leƙa ajinsa kafin ya taho. Malamar kirki takan san su da fuska, ta yi musu sassaucin da takarda ba ta rubuta ba.

A mako na biyu ake shiga ƙwayar halitta. A zana da'ira a allo, a sa ɗigo a tsakiya, a jera sunaye masu nauyin faɗi. A ambaci Robert Hooke, Baturen Ingila da ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma a 1665 ya ga 'yan ɗakuna a jere. Ɗalibai su kwafe. A nan ne raina ke ɓaci, domin mafi yawansu za su gama zangon ba su taɓa kafa ido a madubin ba. Ɗakin gwaje-gwaje na 'yan kimiyya ne, su ma layi suke bi. Alhali abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: fatar albasa siririya, ɗigon ruwa, gilashi, da minti biyu ga kowane ɗalibi. Gani ya kori ji. Wanda ya ga ɗigon ruwan kududdufi yana motsi da halittu, ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan tafasa ruwan sha ba lokacin amai da gudawa.

Ajin yana farkawa ne a makon gādon halitta. Malamar takan fara da Gregor Mendel da waken da ya yi ta shukawa a lambun gidan ibada har ya wallafa sakamakonsa a 1866, kuma a nan ba wanda ke motsi. Da ta rubuta AA, AS, SS a allo, sai surutun baya ya mutu. Da wuya a sami wanda bai san mai sikila ba, a gidansu ko a maƙwabta: yaron da sanyi ke kwantarwa, ciwon ƙashi da dare, ƙarin jini, kuɗin da ke ƙarewa a asibiti. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS, kuma ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar a ƙasar kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Sai ta zana akwati mai gida huɗu, ta sa AS na uba a sama, AS na uwa a gefe, ta cike gidajen ɗaya bayan ɗaya: AA, AS, AS, SS.

Tambayar da ba ta taɓa fashi ita ce wannan, kuma yawanci daga ɓangaren mata take fitowa: "Malama, Allah shi ba ki haƙuri, ke nan in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai yi ciwon?" Amsar ita ce a'a, kuma wannan a'ar ta fi duk abin da ke cikin littafin daraja. Kowane ciki lissafinsa daban, kashi 25 cikin 100, ba ruwansa da wanda ya gabace shi. Ana iya haihuwar shida babu mai SS, ana iya haihuwar uku a jere duk da shi. Daga nan tambayoyi ke ɓarkewa. Auren zumunci fa? Ba shi ke ƙirƙiro cutar ba, amma idan tana cikin dangi yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da ita su haɗu. Mai AS ba shi da lafiya ne? Lafiyarsa lau, har ma yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da Anthony Allison ya nuna a 1954 a gabashin Afirka, kuma shi ya sa wannan gādo ya yawaita a ƙasashen sauro. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma a Katsina ma iyaye da limamai da dama suna neman takardar gwaji kafin a shafa fatiha. Amma takarda ba ta da amfani a hannun waliyyin da bai san ma'anar haruffan ba. Waɗannan da ke zaune a zauren, su ne waliyyai da limamai da alƙalan gobe.

A wannan makon ne kuma ake faɗin maganar da ke sa matan aji kallon juna. Ɗan Adam na da ƙwayoyin gādo 46, bibbiyu 23. Mace X kawai take bayarwa. Namiji ne ke ba da X ko Y. Ke nan ko mace ko namiji za a haifa, daga ɓangaren uba abin ke fitowa, da ikon Allah, ba tare da shi ma uban yana da zaɓi ba. Mata nawa aka gorantawa, nawa aka yi wa kishiya, a kan haihuwar 'ya'ya mata? Layi biyu ne a allo, amma na tabbata akwai gidajen da za su zauna lafiya saboda wani ya ji su.

Makon cututtuka ya fi sauri, ko da yake bai kamata ba. Ana bayanin cewa macen sauro ce ke ɗauko ƙwayar maleriya daga jinin wani zuwa na wani, abin da Ronald Ross ya tabbatar a Indiya a 1897, ba zafin rana ko ɗanyen mangwaro ba. Kimanin rubu'in masu kamuwa da maleriya a duniya 'yan Nijeriya ne. Ana bayanin dalilin da ya sa wanda ya sayi kafso biyu a kemis, ya sha, ya ji sauƙi ya bari, yake horar da ƙwayoyin cuta su gagari magani. Ana taɓa rigakafi. Mu a Arewa mun san tsadar wannan babi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo na gaske, kuma da aka dakatar da allurar shan-inna a 2003 cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar shan-inna ta asali. Waɗanda suka tsaya a tsakanin likita da jama'a a wancan rikici ba masana kimiyya ba ne. Masu wa'azi ne da 'yan jarida da masu unguwanni. Mutumin da ya san yadda rigakafi ke aiki shi zai iya yin tambayar da ta dace, ya ƙi abin ƙi, ya karɓi abin karɓa.

Akwai mako guda da malamai ke taka-tsantsan da shi, na ra'ayin Darwin a kan sauyawar halittu. Wasu sukan tsallake. Wasu su karanta shi da sauri su ce don jarrabawa ne kawai. Hanyar da na ga ta fi ita ce a faɗa wa ɗalibai abin da masana suka gani da hujjojinsu, a nuna musu misalin da ke gabansu, kamar sauron da ya daina jin maganin feshi, a kuma bar su su yi tambaya ba tare da an kunyata kowa ba. Ɗaliban da suka fito daga zauren malamai ba baƙin bincike ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basur. Muhammad al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, da lissafi ya yi suna. Idan aka fara daga nan, ɗan sashen Larabci yakan saki jiki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ranar da ake maganar tsirrai, domin ranar ce 'yan ƙauye ke gaba. Ɗan Rimi ko Kaita ko Mashi ya san gero ya fi kyau a gindin gawo, ya san gawo na zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ya san gonar da aka yi wake bara ta fi ƙarfi bana. Abin da malama ke ƙara masa shi ne dalili: a saiwar wake da ta gawo akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi taki. Da wannan sani ne manoman yankin Maradi, nan ƙetaren Jibiya, suka farfaɗo da gonakinsu tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin kututture ya tofo maimakon a tumɓuke shi. 'Yar da ta tashi tana ganin ana zuba tsohon nono a sabuwar madara a rufe ƙwarya ta kwana, ta riga ta san aikin bakteriya. Suna ne kawai ba ta da shi.

Sai jarrabawa ta matso, komai ya koma takardun malama da aka buga a shagon kwafi. Dare ya yi, a ɗakunan haya na Ƙofar Kaura ana hadda da fitilar waya, ana yi wa juna tambayoyin bara. Saboda yawan ɗalibai, tambayoyin na zaɓi-ɗaya ne, a wasu wuraren ma a kwamfuta ake amsawa, kuma irin wannan jarrabawa ta fi son sunaye da shekaru. Za a tambayi wanda ya fara ganin ƙwayar halitta, da wuya a ce ɗalibi ya yi wa kawunsa bayanin sakamakon gwajin jini. Gyaran bai fi ƙarfin makarantar ba. A raba ajin gida uku ko huɗu, yadda takardar halarta za ta zama gaskiya. A ware wa kowane rukuni yini ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje, ko da ranar Asabar ce. A cikin makin ayyukan zango kuma a keɓe goma ga aiki guda: kowane ɗalibi ya je ya gwada jininsa, ya rubuta shafi ɗaya da Hausa yana bayanin abin da sakamako irin nasa ke nufi ga aure, ba tare da an tilasta masa bayyana nasa ga kowa ba.