Minti Talatin Na Tafiyar Ƙafa: Saƙon Jeniba Ga Mutanen Tudun Jukun

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Tudun Jukun ta Zariya da hantsi zai ga yadda zamani ya sauya mana ƙafa. Magidanci zai je kasuwar Tudun Wada, sai ya ɗaga wa ɗan acaɓa hannu. Uwar gida za ta shiga birni ta Ƙofar Doka gaisuwar haihuwa, sai a tsayar mata da keke mai ƙafa uku. Yaron da aka aika niƙa ma sai ya nemi kuɗin mashin. Iyayenmu kuwa da ƙafa suke zuwa gona, da ƙafa suke zuwa Masallacin Juma'a na ƙofar fada, mata na daka da surfe da jan guga tun safe. Ba su taɓa kiran wannan motsa jiki ba, rayuwa ce kawai. Yau abin nan da muka yar shi ne duniya ke kashe kuɗi don a dawo da shi.

Labarin ya samo asali ne a cikin motar haya. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas-bas masu bene da kwandastocinsu. Direba na zaune wuni guda, kwandasta na hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kawai wani na motsi wani na zaune. Daga nan bincike ya yi ta zuwa. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga: waɗanda suka gyara cimarsu, suka rage ƙiba, suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, har ya fi abin da ƙwayar magani ta yi a gwajin.

Mene ne sirrin? Tsoka idan tana aiki, suga take ci. Tana janye shi daga jini, kuma tana sa jiki ya fi jin sinadarin insulin, wanda shi ne mabuɗin da ke shigar da suga cikin ƙwayoyin jiki. Zuciya ita ma tsoka ce, aiki ke ƙara mata ƙarfi. Jijiyoyin jini suna saki, hawan jini ya sauko, kitsen tumbi ya ragu, barci ya gyaru. Shi ya sa motsa jiki ke rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki, da ciwon zuciya, da wasu nau'o'in sankara irin ta mama da ta hanji.

Ganin haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da dabarar abinci da motsa jiki a 2004. A 2018 kuma ƙasashe suka amince a Jeniba da wani shiri da zai kai 2030, da nufin rage yawan masu ƙarancin motsa jiki da kashi 15 cikin 100. A 2020 hukumar ta fayyace adadin: baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, kamar gudu, ya ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa, awa guda kullum.

Sai dai har yanzu baya ake ci. Binciken da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba su kai wannan ma'auni ba, kuma mata sun fi maza shiga wannan sahu. Rahoton hukumar na 2022 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2020 da 2030 kusan mutum miliyan 500 za su kamu da cututtukan da motsa jiki zai iya karewa. Mu ma ba a bar mu a baya ba: alƙaluman hukumar na 2018 sun ce cututtukan da ba a ɗauka su ke jawo kusan kashi 29 cikin 100 na mace-mace a Nijeriya. Wanda ya taɓa raka majinyaci asibitin koyarwa na Shika ranar ganin masu suga da hawan jini ba sai an karanta masa alƙaluma ba.

Abin da ya fi jan hankalina a shirin na 2018 shi ne bai ɗora wa mutum ɗaya nauyin duka ba. Ya ce a gyara gari yadda tafiya za ta yi daɗi. A Bogota ta ƙasar Kolombiya, tun shekarun 1970 ake rufe manyan tituna ranar Lahadi a bar wa masu ƙafa da masu keke. A nan Zariya, mai tafiya a ƙasa yana rabon hanya da mashin da tirela da kwata. Filayen da yara ke langa da ƙwallo ana yanka su fuloti. Gaɗar 'yan mata a dandali ta zama labari. Gari mai Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake koyar da ilimin motsa jiki, bai kamata ya rasa gefen titi na masu tafiya da filin wasa a kowace unguwa ba. Wannan aikin ƙaramar hukuma ne, da masu unguwanni, da shugabannin makarantu.

Mata su ne suka fi buƙatar a dube su. Inji ya ɗauke musu daka, alheri ne, amma ba a maye gurbinsa da komai ba. Makarantun Islamiyya na matan aure za su iya ware ɗan lokaci a cikin harabarsu, maza kuma su ba da goyon baya. Addini bai hana ba. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, kuma an yi bushara da lada a kan kowane taku zuwa masallaci.

Minti 150 ba wani dutsen Kufena ba ne: minti 30 ne sau biyar a mako, kuma ana iya rarraba shi. Ka taka zuwa masallacin da ya ɗan yi nisa. Ki zagaya tsakar gida da sauri bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Alamar an kai ita ce numfashi ya ɗan ɗaga amma ana iya magana. Mai suga ya sa takalmi mai rufi, ya riƙa duba ƙafarsa. Mai jin ciwon ƙirji ko jiri ya fara ganin likita, kuma kada wani ya ajiye maganinsa don ya fara tafiya.

Ya kai mai karatu, gobe idan za ka fita, bar ɗan acaɓa na farko ya wuce, ka taka. Riga-kafi ya fi magani, wannan kuwa ko kwabo ba a biya.