Idan Kan Adaidaita Sahu Ya Karkace

Duk mai hawa Adaidaita Sahu a Kano ya taɓa ganin direban da kekensa ke tafiya sak amma sitiyarin na kallon gefe, hannu ɗaya ya fi ɗaya miƙewa. In ka yi masa magana sai ya ce ai haka ya karɓe shi. To, ba haka keken ya baro Indiya ba.

Kamfanonin Bajaj da TVS sun ƙera shi ne don direba da fasinja uku, a kan ƙananan tayoyi masu rim ɗin inci 8. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo shi Kano a 2005 don ɗaukar mata, sannan ya mamaye gari bayan an hana acaɓa a 2013. Daga nan ya gaji aikin babur da na a-kori-kura gaba ɗaya: mutum biyar, ko buhunan hatsi daga Dawanau, ga ramuka. Dole ƙarfe ya gaji.

Karkacewar iri biyu ce, kuma gaggawa kan sa a haɗa su. Ta farko, keke bai ja ko'ina ba, sitiyarin ne kawai ya juya a kan sandar da ta sauka zuwa tayar gaba, galibi bayan an daki bakin kwalbati. Wannan aikin minti kaɗan ne. A sassauta notin da ya riƙe sitiyarin, a tsayar da tayar gaba sak, a mayar da shi tsakiya, a ɗaure tamau.

Ta biyun ita ce mai cin kuɗi. Da ka sassauta riƙo sai keke ya nufi gefe guda, kana tafiya kana kokawa da shi har kafaɗa ta yi tsami. A nan sitiyari ba shi da laifi. Bakaniken da ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa ya murɗe kan keken ya karɓi kuɗinsa, ya shafa wa kuturu hoda ne kawai. Ni a ganina mai faci ya kamata a fara nema, domin idan iskar tayar baya ɗaya ta gaza ta ɗaya, keke zai rinjaya can. A auna da geji, a bar dukan taya da ƙafa. Haka nan sabuwar taya a dama, suɗaɗɗiya a hagu, ba za su taɓa tafiya daidai ba.

In iska ta daidaita amma ja bai daina ba, sai a ɗaga gaba da jak a girgiza tayar. Motsi ko ƙara na nuna boris ɗin wuya ko na taya ya ci, ko bushin ya mutu. Tayar gaban keke a hannu ɗaya take rataye, saboda haka ɗan lanƙwasa kaɗan ya isa ya kwantar da ita gefe. A baya kuwa kowace taya da nata hannun da shok ɗinta, kuma lodi mai nauyi ba ya kashe su lokaci guda. Awon ba ya buƙatar na'ura: a daidai ƙasa, a ja igiya daga tsakiyar tayar gaba zuwa cibiyar kowace tayar baya. Idan tsawon biyun ya bambanta sosai, akwai abin da ya lanƙwashe. Hannun da ya lanƙwashe gara a sayo wani a kasuwar Ƙofar Ruwa da a gasa shi a miƙe, don ƙarfen da ya sha wuta ba ya komawa da ƙarfinsa.

Sai dai ba kowane ja ne ciwo ba. Tun 1972 hannun dama ake bi a Najeriya, titi kuma ana yi masa ɗan gangara zuwa lambatu don ruwa ya wuce, shi ya sa lafiyayyen keke ma yakan ɗan leƙa dama. Ga kuma direban da ya gusa gefe don fasinjan gaba ya samu wuri, har ya saba kallon sitiyari a karkace. Gwaji na gaskiya sai a fili shimfiɗaɗɗe, keke ba kowa, direba a tsakiyar kujera.

Abin da ke hana gyaran shi ne balas. Mai keke na jiran kuɗinsa da yamma, direba na ganin awa biyu a gareji asara ce, sai a yi ta lallaɓawa har tayar gaba ta cinye ta gefe ɗaya tun kwananta bai kai ba.